MAIKEL FARADE, ƊAN MAƘERIN DA YA AUNA JINI DA MAGANAƊISU

A cikin tarihin mashahuran mutane da mu kan kawo wa masu karatu, yau mun zo kan wani Baturen Ingila mai suna Maikel Farade, wanda Turawa ke rubuta sunansa Michael Faraday. Galibin malaman makaranta sun san shi da abu guda, watau shi ne ya gano yadda a ke samun wutar lantarki daga maganaɗisu, hanyar da injunan madatsar Kainji ke bi har yau. Wannan gaskiya ne, za mu kuwa taɓa shi. Amma abin da ya sa muka ɗauko shi waɗansu ayyuka ne guda biyu da ya yi bayan ya manyanta, waɗanda ba safai a kan ambace su cikin littattafan makaranta ba. Ɗaya shi ne awon jini da maganaɗisu, ɗayan kuwa narkar da zinariya ta zama jan ruwa. Shi kansa bai haɗa su wuri ɗaya ba. Sai bayan mutuwarsa da shekaru fiye da 100 suka gamu a hannun masu binciken magunguna.

An haife shi ran 22 ga watan Satumba, 1791, a wata unguwa ta kudancin Landan da a ke kira Newington Butts. Ubansa James maƙeri ne, ya taso daga arewacin Ingila ya zo babban birni neman abinci. Ba shi da cikakkiyar lafiya, yau ya hura wuta gobe yana kwance, saboda haka talauci bai rabu da gidan ba. An ce a shekarar 1801, da abinci ya yi tsada, burodi guda a kan ba yaron ya lallaɓa shi har mako. Iyakar abin da ya samu a makaranta shi ne karatu da rubutu da ɗan lissafi, rashin lissafi mai zurfi kuwa ya bi shi har kabari.

Da ya kai shekara 13 sai ya shiga aikin aike a shagon wani mai sayar da littattafai, George Riebau, yana rarraba jaridu gida gida. Bayan shekara guda, cikin watan Oktoba 1805, maigidan ya ɗauke shi koyon ɗinkin littattafai na shekara 7. Duk wanda ya taɓa leƙa inda a ke wannan sana'a a gidan ɗab'i na Zariya ya san yadda ta ke: a naɗe takardu, a ɗinke, a shafa danƙo, a matse, a sa bango. A zamanin Farade danƙon daga fata da ƙashin dabba a ke dafa shi, in kuwa za a ƙawata bangon littafi da rubutun zinariya, sai a shafa farin ƙwai tukuna, a ɗora zinariyar da aka buge ta yi fele-fele, a danna mata ƙarfe mai zafi. Muna roƙon masu karatu su riƙe waɗannan abubuwa a zuci, danƙon fata da farin ƙwai da zinariya, domin za mu komo kansu.

Yawancin masu ɗinkin littafi ba su kan damu da abin da ke cikinsa ba. Shi kuwa yaron nan karantawa ya ke yi. Ya ci karo da bayanin lantarki cikin babban kundin ilmi na Britannica, ya kuma sami littafin da wata mata, Jane Marcet, ta rubuta don koya wa jama'a ilmin haɗa sinadarai. Abin da ya karanta sai ya gwada da hannunsa da tsofaffin kwalabe da 'yan tarkace, ya ga ko gaskiya ne. Daga 1810 ya riƙa zuwa laccar dare a gidan wani maƙerin azurfa, John Tatum, kuɗin shiga sule ɗaya, wansa Robert ne ke biya masa daga abin da ya samu a maƙera. A shekaran nan kuma ubansu ya mutu.

YA SAMI ƘOFA

A shekarar 1812 wani mai ciniki da shagon ya ba shi takardar shiga laccocin Sir Hamfiri Debi, babban masanin sinadarai na Ingila a lokacin, a wata ma'aikatar ilmi da a ke kira Royal Institution. Ya halarci guda 4. Ya rubuta duk abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke su suka zama littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Debi tare da takardar neman aiki. Babu gurbi a sa'an nan. Amma ba da daɗewa ba sai aka kori wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa, ran 1 ga watan Maris 1813 Farade ya maye gurbinsa, albashi sule 25 a mako da wurin kwana a saman bene. Aikinsa wanke kwalabe da share ɗaki da shirya kayan lacca.

Cikin watan Oktoba na shekaran nan Debi ya tafi da shi yawon ƙasashen Turai, Faransa da Italiya da Suwizalan, ba su komo ba sai Afril 1815. Baran Debi ya ƙi tafiya, saboda haka aka ɗora wa Farade aikin bara bisa nasa. Uwargidan Debi ta wulakanta shi ƙwarai, har ya yi tunanin ya gudo gida. Ya daure. A tafiyan nan ya ga Ampere a Faris, ya ga Volta mai batir a Milan, ita ce ta zame masa jami'a.

Ya auri Sarah Barnard ran 12 ga watan Yuni 1821, ba su sami haihuwa ba. Su duka biyu 'yan wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ne da ba ta son tara dukiya ko neman girma, wannan kuwa ya bayyana cikin halinsa duka. Cikin watan Satumba na wannan shekara ya sa wayar da lantarki ke bi cikinta ta riƙa kewaya maganaɗisu ba tsayawa, asalin injin da ke juya fanka da famfon ruwa ke nan. Sunansa ya fita, hassada kuma ta biyo baya. Aka yi ta raɗe-raɗin wai ya ɗauki dabarar wani dattijon masani, Wollaston, har maigidansa Debi ya yi ƙoƙarin hana a shigar da shi Royal Society, watau jam'iyyar manyan masana ta Ingila. Aka jefa ƙuri'a a 1824, guda ɗaya tak ta ƙi shi. A ganinmu wannan shi ne tabo mafi muni cikin tarihin Debi, ko da ya ke Farade bai daina girmama shi ba.

Ran 29 ga watan Agusta 1831 ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, ba su taɓa juna ba. Da ya haɗa ta farko da batir sai allurar awo da ke jikin ta biyu ta motsa, da ya cire ta sake motsawa, amma muddin an bar abin a zaune ba ta kome. Cikin Oktoba ya tura sandar maganaɗisu cikin naɗin waya ya ga haka nan. Abin da ya fahimta shi ne, duk sa'ad da ƙarfin maganaɗisu ya sāke a kusa da waya, lantarki ya kan tashi cikinta. Wannan ma a riƙe shi.

Akwai wani halinsa da ya kamata akawuna su sani. Kome ya gwada sai ya rubuta a ranar, wanda ya yi nasara da wanda ya ƙi, ko wane sakin layi da lambarsa. Ya fara lamba ta 1 a 1832, ya tsaya a ta 16,041 a 1860, ya kuma yi musu fihirisa don ya san inda kome ya ke. Dole ce ta sa, domin tun wajen 1839 mantuwa da jiri suka kama shi, har ya yi 'yan shekaru ba ya aikin kirki. Albarkacin rijistan nan ne yau mu ke iya faɗin ranar da ya yi abu kaza.

JINI A TSAKANIN ƘAHONI BIYU

Yaran Tudun Jukun da na sauran unguwannin Zariya sun san wasan nan na jan maganaɗisun tsohuwar rediyo cikin yashin kwata bayan an ɗauke ruwa, a ɗago shi ya yi gashi da baƙin gari. Sun kuma san ba ya kama tsinke ko ƙashi ko tsumma. Haka duniya ta ɗauka tun dā, cewa maganaɗisu ba ruwansa da kome sai ƙarfe da 'yan uwansa ƙalilan. Farade bai yarda ba. Ya yi imani ƙarfin nan yana taɓa ko wane abu, sai dai idonmu ne bai kai ya gani ba.

Da ya sami sauƙi, a 1845, ya koma kan wannan. Ran 13 ga watan Satumba ya haska fitila ta cikin wani gilashi mai nauyi da ya narka da kansa shekarun baya, ya ga maganaɗisu ya murɗa hasken. Sai ya sa aka ƙera masa ƙaton maganaɗisu na lantarki daga zoben sarƙar anka ta jirgin ruwa, mai ƙahoni biyu suna duban sama. Farkon watan Nuwamba ya rataye sandar gilashin nan da zaren siliki a tsakanin ƙahonin, ya kunna. Da ƙusa ce, da sai ta miƙe daga wannan ƙaho zuwa wancan. Gilashin kuwa sai ya juya a hankali ya gitta, kamar mai neman wurin da ƙarfin ya fi rauni ya fake.

Daga nan bai bar kome ba. Ya rataye itace, da hauren giwa, da fata, da burodi, da tuffa, da naman sa da na tunkiya, da ruwa cikin 'yar kwalba, duka suka gitta. Ya lura cewa da za a iya rataye mutum a wurin, shi ma gittawa zai yi, tun da ya ke duk abin da aka gina jikinsa da shi haka ya ke yi. Ta haka ya kasa abubuwan duniya kashi biyu, masu bin maganaɗisu da masu gudunsa. Wani Baholande, Brugmans, ya riga ya ga irin wannan gudu a jikin wani ƙarfe guda tun 1778, amma Farade ne ya nuna abin ya game duniya. Gudun nan fa ba shi da ƙarfi ko kaɗan, in ba da siririn zare da babban maganaɗisu ba, ba mai ganinsa.

Ran 8 ga watan Nuwamba ya gwada busasshen jini, ya rubuta wa kansa tuni cewa lalle ya nemi ɗanye. Jini ma ya gitta. Wannan ya ba shi mamaki ƙwarai, domin an riga an san akwai ƙarfe cikin jini, ƙarfe kuwa kusan ko wace kama ya ɗauka ya kan bi maganaɗisu. Yau mun san dalili. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai fi giram 4 ba, nauyin 'yar ƙusa ke nan, wajen kashi biyu cikin uku nasa kuwa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ba a dunƙule ya ke ba. Akwai wani furotin mai suna himogulobin, ko wane ɗaya yana riƙe da ƙwayar zarra 4 ta ƙarfe, ko wace a ɗakinta, su ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu su kai ta ga gaɓoɓi. Furotin kuwa shi ne irin abin da ke cikin farin ƙwai da nama da wake, da shi aka gina tsoka, shi ne kuma ke yin yawancin ayyukan da ke gudana cikin jini. Sunan ma sabo ne a zamanin Farade, a 1838 aka laƙaba shi.

Abu ɗaya ya kuɓuce masa. Bai gwada jinin da ya fito daga huhu dabam, da wanda ke komawa dabam ba. Sai bayan shekara 91, a 1936, waɗansu masana biyu na Kalifoniya ta Amurka, Linus Pauling da Charles Coryell, suka cika wannan gurbi. Suka zuba jinin shanu cikin bututun gilashi, suka rataye shi a jikin ma'auni mai kaifi, gindinsa a tsakanin ƙahonin maganaɗisu, suka duba ko nauyinsa zai ƙaru ko zai ragu in an kunna. Suka tarar himogulobin da ke ɗauke da oksijin yana gudun maganaɗisu, wanda ya sauke kayansa kuwa yana binsa, har bambancin jinin iri biyu ya kan kai kashi 20 cikin 100. Watau da ma'auni da maganaɗisu kaɗai aka gane abin da ke faruwa a cikin cikin furotin, ba tare da an farke shi ba. Pauling ɗin nan shi ne da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa ciwon amosanin jini, wanda ya addabi gidaje da yawa a ƙasarmu, daga lahanin himogulobin ya ke. A 1990 kuma wani Bajapane, Seiji Ogawa, ya nuna za a iya amfani da bambancin nan na jini a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, abin da ya kai ga ganin sashen da ke aiki sa'ad da mutum ke magana ko tunani.

JAN RUWAN ZINARIYA

A 1856, yana da shekara 64 zuwa 65, Farade ya ba da kusan shekara guda ga zinariya. Abin da ya ke nema shi ne ya san yadda haske ke ratsa abu in abin ya yi ƙanƙanta matuƙa. Ya fara da irin zinariyar nan fele-fele da ya saba da ita a shagon Riebau, wadda in an ɗaga ta a rana a kan ga haske kore ta cikinta. Ya ga duk sirantarta ta yi masa kauri. Sai ya bi ta wata hanya. Ya ɗauki zinariyar da aka narkar da ruwan asid ta zama ruwa rawaya, ya tsarma ta ƙwarai, ya ɗiga mata sinadarin fosfaras. Sannu a hankali ruwan ya rikiɗe ya zama ja wur, garau kamar zoɓon da aka tace.

Mai kallo zai rantse babu kome cikinsa sai launi. Farade ya ɗauki gilashi mai tara hasken rana ya cilla hasken ta cikin kwalbar, sai ga hanyar hasken ta bayyana a fili, kamar yadda a kan ga ta rana in ta shigo ta kafar taga cikin ɗaki mai ƙura. Daga nan ya yanke cewa zinariyar tana nan da jikinta, ɓarɓashi ne ƙanana ƙwarai suna yawo cikin ruwan, waɗanda babu madubin likita na zamaninsa da zai iya nuna su. Ya yi daidai. Da aka sami madubi mai aiki da lantarki a ƙarni na 20, aka bi hanyarsa aka auna, aka tarar faɗinsu daga nanomita 'yan kaɗan ne zuwa misalin 30. Nanomita kuwa, in an raba milimita ɗaya kashi miliyan, kashi guda ke nan. Kaurin gashin kai ya kan kai nanomita 80,000, jar ƙwayar jini wajen 7,000. Irin waɗannan ɓarɓashi su a ke kira ƙwayoyin nano yau, girmansu kuwa kusan ɗaya ne da na furotin ɗin da ke cikin jini.

To, ga inda mu ke so a tsaya a duba da kyau. Farade ya zuba ɗan gishiri cikin jan ruwan, sai ya juye ya zama shuɗi-shuɗi, daga baya zinariyar ta kwanta a ƙasa. Amma da ya fara haɗa ruwan da jalatin, gishiri bai iya ɓata jan ba. Jalatin shi ne abin da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana cikin sanyi, shi ne kuma tataccen danƙon fatan nan na masu ɗinkin littafi, furotin ne tsantsa. Bayanin da aka samu daga baya shi ne, ƙwayoyin suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, shi ke sa su ture juna. Gishiri ya kan kashe turen, sai su manne su yi curi, launi ya sāke. Furotin kuwa ya kan lulluɓe ko wace ƙwaya kamar riga, ya hana ta taɓa 'yar'uwarta. Ya gabatar da wannan aiki gaban Royal Society cikin watan Fabrairu 1857.

Wani Ba'ostiriye, Richard Zsigmondy, ya ɗauki zaren a farkon ƙarni na 20. Ya mai da gwajin gishirin nan ma'auni, yana ƙididdige yawan furotin iri kaza da zai isa ya hana jan ruwa juyewa, ya tarar jalatin ya fi saura ƙarfi nesa. Shi da wani abokinsa suka ƙera madubin da ya fara nuna ƙyallin ƙwayoyin ɗaya ɗaya, aka ba shi kyautar Nobel ta 1925. Daga 1912 likitoci suka riƙa haɗa jan ruwan zinariya da ruwan ƙashin bayan majinyaci don gane ko tunjere ya hau ƙwaƙwalwa. Har yau ma abin bai bar mu ba. 'Yar robar nan da a ke ɗiga wa jini a ɗakunan shan magani na Tudun Jukun da Tudun Wada don gwajin zazzaɓin cizon sauro, jan layin da ke fitowa a jikin yawancinsu ƙwayoyin zinariya ne da aka sa wa rigar furotin mai kama alamar ƙwayar cutar.

INDA HANYOYIN SUKA GAMU

Jikin mutum ya riga masana sa wa ƙarfe riga. A cikin hanta da saifa akwai wani furotin mai suna feritin, wanda aka fara ware shi daga saifar doki a 1937. Siffarsa kamar ƙwarya ce rufaffiya, faɗinta nanomita 12, a cikinta ya ke ajiye ƙarfen da jiki bai bukata tukuna, har zarra 4,500. A 1943 Coryell ɗin nan, tare da Michaelis da Granick, suka auna shi da maganaɗisu don su san kamar da ƙarfen ya ɗauka a ciki.

A zamaninmu masana suna ƙera ƙwayoyin nano daga irin baƙin garin nan da yara ke tarawa cikin yashi. A kan yi wa mutum allurarsu don hoton ciki ya fito sosai, akwai kuma irin da hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2009 don masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙaranci. A na kuma ƙoƙarin a ɗora musu magani su kai shi daidai inda ciwo ya ke. Matsalar ita ce, da zarar ƙwaya ta shiga jini, furotin iri iri su kan yi mata caa su lulluɓe ta. Waɗanda suka fi yawa su ke fara isa, daga baya waɗanda suka fi riƙo su ture su su zauna. A 2007 masanan Dablin ta Ailan da na Lund ta Suwidin suka ba lulluɓin nan suna, abin da za mu iya kira rawanin furotin. Jiki kuwa rawanin ya ke dubawa. In aka naɗa wa ƙwaya irin wanda ke nuna baƙuwa ce, hanta da saifa su kan tsince ta daga jini tun ba ta kai inda aka aike ta ba, magani da kuɗi sun tafi a banza. Saboda haka dole mai ƙera ta ya san wane furotin ya hau, kaurinsa nawa, da kuma ko ya sa ƙwayoyin sun yi curi.

Awo da haske, irin na Farade, yana da iyaka a nan, domin jini ba garau ya ke ba, ga shi kuma cike da nasa ƙwayoyin masu watsa haske. Maganaɗisu kuwa ratsa jini ya ke yi kamar babu shi. Ga yadda a ke yi. A kan sa 'yar kwalbar jini ko ruwansa mai ɗauke da ƙwayoyin a cikin naɗin waya, a saki lantarki mai kai da komowa, sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa juya fuska, gabas yamma, sau ɗari ko sau dubbai cikin daƙiƙa. Ko wace ƙwaya ƙaramin maganaɗisu ce, sai ta yi ta juyawa tana binsa. In a na yi a hankali ta kan bi daidai. In aka ƙara sauri sai ta fara makara, har a kai inda ba ta iya bi sam. Yaro mai 'yar shara ya kan waiwaya nan da nan in an kira shi, amma basarake mai riga uku da alkyabba sai ya ɗauki lokaci. Haka ƙwayar da furotin ya hau.

Malaman lissafi za su ji daɗin wannan. Lokacin juyawar yana tafiya ne da girman jikin ƙwayar duka, watau faɗinta sau faɗinta sau faɗinta. Ƙwaya mai faɗin nanomita 50, in ta sami riga mai kaurin 5 ta ko wane gefe, ta zama 60. Faɗi ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 kaɗai, amma lokacin juyawa ya ƙaru da wajen kashi 73. In kuwa faɗin ya ninka biyu saboda curi, lokacin ya ninka 8. Shi ya sa rigar da ba ta fi kaurin furotin guda ba ta kan bayyana a awon. Sai dai akwai tarko biyu. Kaurin ruwan kansa yana rage saurin juyawa, tilas a auna shi dabam a fitar. Sa'an nan ƙwayar da ta cika ƙanƙanta ta kan juya maganaɗisunta a cikin cikinta ba tare da jikinta ya motsa ba, kamar yadda Bafaranshen nan Louis Neel ya bayyana a 1949, irin wannan kuwa ba ta ba da labarin rigarta. Dole a zaɓi masu ɗan girma.

Mai karatu zai ga hannun Farade a wuri uku cikin wannan na'ura. Naɗin waya na biyu da ke sauraron juyawar ƙwayoyin yana aiki ne da abin da ya gano a 1831. Shirun da jini da nama ke yi gaban maganaɗisu, wanda ya ba shi mamaki a 1845, shi ne ya sa a ke jin muryar ƙwayoyin su kaɗai. Tambayar da a ke son amsawa kuwa ita ce ta kwalbarsa ta 1856, yadda furotin ke kama ƙwaya ya sāke mata hali.

Bayan aikin zinariya ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Sau biyu aka nemi ya shugabanci Royal Society, sau biyu ya ƙi. Ya fi son laccar da ya kan yi wa yara lokacin Kirsimati, wadda ya yi har sau 19, da aikin duba fitilun da ke yi wa jiragen ruwa jagora a gaɓar teku, wanda ya riƙe daga 1836 zuwa 1865. Wani saurayi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya ɗauki ra'ayoyinsa kan maganaɗisu da lantarki ya zuba su cikin lissafin da shi Farade bai iya ba. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court ya zauna kyauta.

Gwajinsa na ƙarshe, ran 12 ga watan Maris 1862, shi ne ya ga ko maganaɗisu zai sāke hasken harshen wuta. Bai ga kome ba, ya rubuta haka nan cikin rijistarsa. A 1896 wani Baholande, Pieter Zeeman, ya maimaita gwajin da kayan da suka fi nasa kaifi, ya ga abin, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa.

Farade ya mutu a kujerarsa a Hampton Court ran 25 ga watan Agusta 1867, yana da shekara 75. Tun yana da rai ya ƙi a binne shi a Westminster inda aka binne sarakuna da manyan ƙasa da yawa, saboda haka aka kai shi maƙabartar Highgate a arewacin Landan, 'yan uwa da abokai ƙalilan suka raka shi. Sarah ta rayu bayansa har 1879, aka binne ta tare da shi. Ƙaton maganaɗisun sarƙar anka da zoben 1831 da kwalaben zinariyar suna nan a Royal Institution, a titin Albemarle, in an haska fitila ta cikin kwalaben har yanzu a kan ga hanyar hasken.